Gurbin da Ƙaninki Ya Bari

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da maigidan, da yara, da jikokin nan da suka hana ki sakat. Mu nan sai godiyar Allah.

Ƙaninki ya iso lafiya. Direban da kika haɗa su ya sauke shi har ƙofar gida, shi ne kuma zai miƙa miki wannan takarda, tunda ke da waya ba kwa shiri, sai unguwa ta gama jin magana kafin ta shiga kunnenki. Ƙaninki ya ce fushi kike yi, ko tasha ba ki raka shi ba. Yaya, ki yi haƙuri. Na san irin zaryar da kika yi kafin ya samu gurbi a wajen wankin ƙoda na asibitinku, na kuma san ke kike kai shi sau biyu a mako tun bara, ki zauna a benci har a gama. Ba butulci ne ya sa ya bar gurbin ba. Mutum ne da ya daɗe bai kwana a ɗakinsa ba. Da ya shigo, Auta bayana ya ɓuya yana leƙensa kamar baƙo.

In ma laifi ne, a raba da ni, don ni na ce ya dawo. Kuma ba ji na yi ba, gani na yi. Ni aka ba ɗinkin labulayen sabon sashen wankin ƙoda da aka gina a asibitin garin nan. Ni na auna, ni na ɗinka, ni na rataya. Na shiga ɗakin da ƙafata, ga injuna a jere sababbi fil, ga gadaje da fararen zannuwa, ga sanyin na'ura har sai da na yi atishawa. Akwai ma wani bango da ba shi da taga, aka ce a yi masa labule tun daga sama har ƙasa. Na tambayi ɗan kwangilar wa ya taɓa yi wa bango labule, ya ce ado ne, in yi abin da aka sa ni. Na yi, kuma wallahi ya yi kyau.

Ranar buɗewa shugaban ƙasa da kansa ya zo. Ramukan titin asibiti da suka girmi Auta, kwana ɗaya aka cike su. Ya sa almakashi ya yanke jan ƙyallen da aka ɗaura a ƙofa, ya faɗa da bakinsa cewa daga ranar babu mai ciwon ƙodar da zai sake barin iyalinsa don neman wanki, kuma kyauta ne. Ai kun gani a talabijin, har da marasa lafiya a kwance suna murmushi. To ke ma kin san ƙaninki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a motar lasifika yana yi wa Shugaba shela, har sunansa ya ɓace sai Amsa-kuwwa, ko ɗaure shi kika yi ranar sai ya tsinke igiya.

Jiya mun je an buɗe masa kati. Sun ce mu dawo farkon mako, injiniya na ƙarasa wani ɗan aiki. Da yake an wanke shi ana gobe zai taho, jikin da dama. Yanzu haka yana ƙofar gida yana karɓar 'yan sannu da zuwa, suna ta musu da maƙwabcinmu mai aski, wanda ba ya ga maciji da gwamnati. Ina jiyo muryarsa daga ɗakin ɗinki, rabon da in ji gidan nan ya cika haka har na manta.

'Yarmu takwararki tana gaishe ki, ta ce ki huce. A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Taki, wadda har yau kike kira Amarya duk da furfura.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa yana lafiya. Maganin da kika aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. A ɗakin ɗinki nake rubuta wannan, don kada ya gan ni ya ce in karanta masa.

Har yau ba a wanke shi ba. Mun je aka ce injiniya bai zo ba. Muka koma aka ce ya zo amma ya tafi neman wani ƙarfe. Muka sake komawa muka tarar an garƙame ƙofar, mai gadi yana gyangyaɗi a ƙarƙashin allon da aka rubuta sunan Shugaba da ruwan zinare. Ƙafafun ƙaninki sun fara hawa, takalminsa ba ya shiga. Ruwa da cokali nake auna masa kamar yadda kika koya mini, shi kuma sai ya bi kofin hannun yara da kallo har su ji kunya su fita waje su sha.

Jiya na je ni kaɗai. Na samu babbar nas ɗin sashen, wadda nake yi wa ɗinki tun tana ɗaliba. Na riƙe gefen mayafinta na ce ta dubi girman Allah ta faɗa mini gaskiya. Ta waiwaya hagu da dama, ta ciro mabuɗi, ta ja ni har gaban bangon nan mara taga, ta yaye labulen da na ɗinka. Yaya, bututai ne suka leƙo daga bango, bakinsu a buɗe, an cusa musu takardar siminti. Ta ce injin wankin ƙoda ba ya aiki sai da tataccen ruwa, kuma babbar na'urar da za ta tace shi, wadda ya kamata a ce tana bayan bangon, ba a sayo ta ba, ba kuma wanda ya san ranar sayenta. Rabin injunan aro ne daga wani kamfani, washegarin buɗewa aka zo aka kwashe. Waɗanda suka rage ba a taɓa jona su a jikin ɗan Adam ba. Masu murmushin da muka gani a talabijin kuwa, masu shara ne da masu tura gado, aka kwantar da su aka manna musu roba da filasta. Da ta faɗa sai na tuna fuskar ɗaya, shi ya riƙe mini tsani ranar da nake rataya labulen.

Na tsaya ina kallon ɗinkina. Kalmasa biyu na yi wa gindinsa, don ya yi nauyi kada iska ta ɗaga shi. Kin ji gwaninta. Ni da na ce miki gani na yi, ashe abin da aka ga dama aka nuna mini, da hannuna kuma na rufe sauran.

Da na dawo na faɗa masa komai. Kin san abin da ya ce? Wai Shugaba bai sani ba, na ƙasa da shi ne suka yi masa rufa-rufa, kuma ranar da labari ya kai kunnensa kowa sai ya yaba wa aya zaƙinta. Na ce ya bar jaki yana dukan taiki. Mutumin da ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya dafa kafaɗar mai shara yana yi masa ya jiki, in bai sani ba me yake yi a kan kujerar? In kuwa ya sani, wane suna za a kira shi? Rabon da in ɗaga masa murya tun muna gidan haya. Ya juya fuska ga bango, can ya ce in yi masa alƙawari ba zan faɗa wa mai aski ba, kada 'yan adawa su samu abin magana. Ƙafarsa kamar turmi, amma mutuncin Shugaba yake karewa.

Yaya, na san kin faɗa ba a ji ba, kuma kina da damar ki ce ai ga irinta nan. Ki faɗa mini duk abin da kika ga dama, zan shanye. Amma don Allah ki ajiye fushi ki je wurin jami'in da ke raba gurbi, ki roƙe shi ya mayar masa da nasa. Ki ce kuskure ne aka yi. Ke suna jin nauyinki a wurin.

Ina jiran amsa ta hannun direba. A gaida maigidan da yara.

Ƙanwarki, Amarya.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kin huta gajiyar zaryar da muka sa ki. Takardarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, sannan na zauna na sake karantawa, ko zan ga wani abu daban.

Ban ga laifin jami'in ba. Tunda kin ce ranar da ƙaninki ya sa hannu ya bar gurbin a ranar aka ba wani saurayi shi, ai ba za a cire ɗan wani daga kan inji don namu ba. Layin masu jira da kika ce ya kai inda ya kai, su ma 'ya'yan mutane ne. Na gode da kika sa aka rubuta sunansa, ko da a ƙarshe ne.

Da abin ya ci tura, mun kai shi wani asibitin kuɗi a garin da ke gaba da mu aka yi masa wanki ɗaya. Keken ɗinkina mai lantarki ne ya tafi, na koma kan tsohon na hannu da na zo da shi gidan nan. Ya samu sauƙi na 'yan kwanaki, har ya nemi a ba shi madubi ya gyara gemu. Daga nan ruwan ya dawo kamar yana jiran mu juya baya. Yanzu fuskar ma ta hau, da safe sai na sa yatsa na buɗe masa ido. Ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci an jera masa matasai. Jikinsa ƙaiƙayi, takwararki ta bar zuwa makaranta tana sosa masa baya da mataji. Abinci ko ƙanshinsa ya ji sai amai. Muryar nan da in ya ɗaga a bakin kasuwa ake ji a tasha, yanzu sai na kai kunne bakinsa.

Ba mu kaɗai ba ne. Kullum bayan labarai sai an maimaita jawabin Shugaba na ranar buɗewa, a rediyo da talabijin, mutane kuwa sai tahowa suke daga nesa da marasa lafiyarsu. In kin je yanzu za ki gan su a ƙarƙashin bishiyar gaban sashen, da tabarmi da ƙullin kaya, suna jiran injiniya. Ma'aikata an ja musu kunne, duk wanda ya yi magana a bakin aikinsa. Shekaranjiya wani dattijo ya cika a kan tabarma, ƙofar tana kallonsa. Abin da ya fi damun masu asibitin shi ne a ɗauke shi da wuri kafin wani ya ɗauki hoto.

Shi kuwa mai alƙawarin, kin dai ji ya tashi a jirgi. Da farko suka ce hutu ya tafi, da aka matsa suka ce taro ne, da hoto ya fito suka ce kafaɗa ce ke ɗan damunsa, likitocin ƙasar waje za su duba. Mai aski ya ce ƙila wajen yanke ƙyalle ta goce, don almakashi ba wasa ba ne, a tambaye ni. Na yi dariya har na ji kunyar kaina. Mutumin da ya rantse ya gyara asibitocin ƙasar nan, kafaɗarsa ma bai yarda ya ba su ba, mu kuwa muka ba su ƙoda.

'Yan jam'iyya sun zo duba shi, su huɗu, da manyan riguna. Na shimfiɗa musu sabuwar darduma ina cewa ga taimako ya zo. Suka yi masa sannu, suka ajiye masa kalanda mai hoton Shugaba, sannan babbansu ya rage murya ya ce in 'yan jarida sun zo kada a yi magana, ana kan gyara, shi ɗan gida ne ya fi kowa sanin yadda maƙiya suke. Bayan sun fita ƙaninki ya yafito ni, ya ce in ɗauki rediyonsa in kai wa mai aski, ya bar masa. Daga nan sai hawaye. Yaya, ko ranar da Inna ta rasu bai yi kuka a gabana ba, ke shaida ce. Ya ce ba mutuwa yake tsoro ba, abin da ke cinsa shi ne lungu-lungu ya bi yana rantse wa mutane da Allah a kan mutumin nan.

Da na so in ji daɗi da ya gane, amma ban ji ba. Gara mini lokacin da yake musu, don musun ne ke tashinsa zaune. Ni kaina na daina jin haushi. Mai sa rai ne ke jin haushi, ni kuwa safiya in ta waye sai in duba ƙirjinsa in ga yana motsi, shi ke nan aikin ranar.

Ki ci gaba da leƙa mana jami'in, ko Allah zai sa a dace. Yara suna gaishe ki.

Taki, Amarya.

*

Yaya,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce, direba yana jira a waje.

Takardarki ta zo ɗazu, kuma na yi wauta. Da na ga layin farko, inda kika ce akwai alamar gurbi, sai murna ta kwashe ni na shiga ɗaki ina karanta masa da ƙarfi, ban tsaya na ga abin da ke ƙasa ba. Haka na karanta masa komai. Cewa wata malamar makaranta da injinta ke kusa da nasa ita ce ke shirin barin gurbinta. Cewa garinsu kusa da namu yake, ta bar 'ya'ya ƙanana a hannun tsohuwarta, kuma shi ne kafin ya taho ya cika mata kunne da labarin sabon sashe. Cewa ta tare ki a ƙofar ofis da fara'arta, ta ce tunda bai dawo ba ai ta san abin ya karɓe shi, ki tambayo mata, in ba ta ji daga gare ki ba kafin wankinta na gaba za ta ɗauka lafiya ce ta sa hannu ta taho. Da kuma cewa jami'in ya yi miki alƙawarin in ta tashi ƙaninki zai ba, saboda halin da yake ciki. Na kai inda kika ce kin rasa abin da za ki gaya mata, mu faɗa miki, sai na ajiye takardar.

Sannan ya sa na zauna kusa da shi, yana faɗa yana hutawa. Ga saƙonsa, yadda ya faɗa. Ya ce ki je ki same ta tun kafin ta sa hannu, ki ce mata kada ta motsa ko nan da can. Ki ce mata babu inji, babu ruwa, babu injiniya, ƙofa a rufe take. Ki ce shi ne ya yi mata ƙarya ba da saninsa ba, ta yafe masa. Ta kuma faɗa wa duk na ɗakin, da masu jira a benci. Ya ce ya yi shela da yawa a rayuwarsa, wannan ce kaɗai yake da tabbacinta. Ya sa na rantse zan rubuta, ga shi na rubuta, ban rage ko kalma ba. Na sauke amanarsa.

Saura nawa.

Likitan da ya duba shi jiya ya ja ni gefe ya ce ruwan ya kai ƙirji, in ba a samu wanki na dindindin ba, mu yi ta addu'a. Babu sauran abin sayarwa a gidan nan da zai kai mu ko'ina. Layin da aka rubuta shi a ƙarshensa, ni da ke mun san ba zai ga gabansa ba. Wannan gurbin shi ne kaɗai, babu wani.

Na san ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Tun ɗazu nake ganin matar nan a idona alhali ban taɓa ganinta ba. Ina ganinta ta sauka a tasha da jakarta, 'ya'yanta sun rugo, bayan kwana kaɗan kuma tana ƙarƙashin bishiyar nan ƙafa a kumbure. Na san abin da zai same ta dalla-dalla, don a gabana aka yi. Duk da haka, Yaya, da na dubi Auta yana wasa da silifas ɗin ubansa a bakin ƙofa, sai na ji zuciyata ta bushe. Ban san haka nake ba. Shekara da shekaru ina ganin kaina mutuniyar kirki, ashe ba a taɓa gwada ni ba ne.

Ban ce ki yi mata ƙarya ba. Cewa na yi kada ki bi ta hanyar asibiti a makon nan. Ki zauna a gida, ki yi wasa da jikokinki. Ita ta ce shiru ya ishe ta amsa. In akwai alhaki a wuyana yake, ba a naki ba, zan tsaya gaban Allah da shi. Kuma in an tsayar da ni, ina roƙon a tsayar da wanda ya haɗa ni da baiwar Allah muna jan inji ɗaya, ita ba ta ma san ana ja ba, shi yana can ana gasa masa kafaɗa da ruwan ɗumi.

Ga saƙo biyu nan a takarda ɗaya. Ɗaya na ƙaninki ne da kika goya, ɗaya na matarsa. Na san na ɗora miki abin da ya fi ƙarfin kowa, ki yafe mini. In kin ɗauki nasa ba zan taɓa riƙe ki a zuciya ba. In kin ɗauki nawa, kada ya sani har abada, kuma don Allah kada ki taɓa faɗa mini sunanta ko yawan 'ya'yanta.

Na haɗa masa jaka na ɓoye a ɗakin ɗinki. Yana can yana tambayar takwararki ko direba ya tashi, wai a yi sauri kada malama ta riga saƙo.

Da na ce ki taya mu da addu'a, amma ban san abin da zan ce ki roƙa ba.

Matar ƙaninki.